Tsakanin ƙullutun farko da injin gashi: a ina mai cutar daji yake ɓacewa?

Maman Hanifa (Tudun Wada):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman izinin shugabanni in kawo wata magana mai ɗan tsawo, domin ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san a cikinmu akwai ma'aikatan lafiya da tsofaffin ma'aikatan gwamnati da za su iya haska mini abin da ya shige mini duhu.

A watan Yulin 2025 na ji a rediyo cewa gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyin kula da masu cutar daji a Katsina da Inugu da Benin, kuma Zariya da Jos da Legas suna cikin wurare shida da aka amince a yi wa irin wannan aiki. Na yi murna har cikin raina. Sai dai a lokacin da nake sauraron labarin ina zaune ne a bakin katifar yayata ina canza mata auduga a ƙirji, kuma na san cewa ko da a ƙofar gidanmu aka kafa injin gashi, wato mai ƙona daji da haske, zuwansa ya riga ya makara a gare ta.

Ta fara jin ƙullutu a mamanta na hagu tana wanka, girmansa bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, kuma ba ya ciwo. Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma yi sakaci ba. A cikin makon ta je ƙaramin asibitin unguwarsu. Aka ce mata maruru ne yake son fitowa, aka ba ta kafso na kwana 7. Ta koma sau biyu, kowane zuwa ana canza mata wani kafson. Da ta gaji, sai surukarta ta kai ta wurin mai maganin gargajiya, wanda ya ja mata kunne cewa daji ba ya son ƙarfe, duk ranar da allura ko wuƙa ta taɓa shi zai bazu. Wata huɗu ta yi tana shafa wani baƙin gari da man shanu. Da fatar wurin ta fara tauri tana yin ramuka ƙanana kamar ɓawon lemo, muka kai ta babban asibiti. Muka yi kusan wata biyu muna haɗa kuɗin hoto da na gwaji, sannan aka yanki ɗan nama aka zuba a kwalba, aka miƙa wa mijinta aka ce ya kai wani gari da kansa domin babu mai dubawa a nan. Ya riƙe kwalbar nan cikin baƙar leda a kan cinyarsa a motar haya. Sakamako bai fito ba sai bayan mako 7. Daga ranar da ta ji ƙullutun zuwa ranar da likita ya kira sunan cutar, wata 11 ne cif.

Tambayata ita ce: a duk tsare-tsaren da gwamnati take sanarwa, me aka tanadar wa waɗannan watanni 11? Domin a ganina a cikinsu ne muka rasa damar ceton yayata, ba a ɗakin gashi ba.

Baba Alhaji (Unguwar Rimi):
Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya ba yayarki sauƙi, ya sa wannan wahala ta zama kankarar zunubi, ya kuma saka muku da alheri kan jinya. Na yi shekaru ina aikin tsara kasafi kafin in yi ritaya, don haka bari in faɗi abin da yake a rubuce, domin kada mu yi muhawara a kan iska.

Ba za a ce babu manufa ba. An yi tsarin yaƙi da cutar daji na ƙasa na 2018 zuwa 2022, sannan aka sabunta shi da na 2023 zuwa 2027. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar bincike da maganin cutar daji ta ƙasa, wato NICRAT, tun 2017, amma ba ta samu shugaba ta fara aiki ba sai a 2023, lokacin da aka naɗa Farfesa Usman Malami Aliyu. Ku lura da wannan tazara ta shekara shida tsakanin doka da aiki, domin ita ce hoton yadda al'amuranmu suke tafiya. Akwai kuma asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu cutar daji da ya fara aiki a 2021 a asibitoci shida, ɗaya a kowace shiyya: asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a shiyyarmu, sai na Gwambe, da babban asibitin ƙasa na Abuja, da na Ibadan, da na Benin, da na Inugu. Cututtuka uku aka ware masa: sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza.

To amma ga inda maganarki take da ƙarfi. Wannan asusu na wanda aka riga aka tabbatar yana da cutar ne. Kuɗin hoto, da na yankar nama, da na motar kai kwalba, duk suna kan wuyan majinyaci, a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa kai tsaye. An gina gada a tsakiyar kogi, an bar talaka ya yi iyo kafin ya kai gare ta.

Abban Yusra (Kawo):
Baba, ina girmama bayaninka, kuma ina taya Maman Hanifa jimami. Amma ina jin tsoron kada zafin abin da ya faru ya sa mu raina batun injina. Na yi jinyar kawuna, kuma an gano cutarsa da wuri, sai dai abin da ya biyo baya shi ne yawo daga gari zuwa gari ana neman inda injin gashi yake aiki, ana ba mu ranar da za mu dawo bayan wata uku. Idan aka gano cuta da wuri amma babu inda za a yi maganinta, me aka ƙara wa mutum ban da fargaba? A ganina gwamnati ta yi daidai da ta fara da manyan cibiyoyi.

Sista (Rigasa):
Malam Abban Yusra, ba na jin akwai wanda ya raina injin. Ni dai bari in yi magana a matsayina na wadda take zaune a irin ɗakin da yayar Maman Hanifa ta fara shiga. Shekarata 16 ina aiki a ƙananan asibitoci. A safiya ɗaya nakan ga mata masu awon ciki, da yara masu zazzaɓi, da masu zuwa rigakafi, layi har bakin ƙofa. Idan mace ta ce tana jin wani abu a mamanta, yawancin abin da muke gani ciwon nono ne na masu shayarwa, don haka hannun ma'aikaci yakan tafi kan kafso ba tare da dogon tunani ba. Ba ina wanke wanda ya yi haka ba ne. Ina faɗin cewa da yawanmu ba a taɓa zaunar da mu an koya mana ƙa'ida mai sauƙi ba, cewa duk ƙullutun da ba ya ciwo, ko wanda bai baje ba bayan magani na farko, ba a sake rubuta masa magani, turawa ake yi nan take.

Kuma ko an tura, takardar turawar tana tafiya ne ba ta dawowa. Nakan rubuta wa mace takarda, ta naɗe ta ta sa a jaka, daga nan ba ni da hanyar sanin ko ta je, ko mijinta ya ce a bari sai an sayar da amfanin gona, ko ta je an ce ta dawo. Wani lokaci sai bayan shekara in ji labarinta a wurin ta'aziyya. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma an yi tsarin cewa kowace mazaɓa ta samu ƙaramin asibiti guda da aka inganta. Da za a ce a kowane ɗaya akwai mace ɗaya da aka horar ta iya duba mama da hannu, ta iya duba bakin mahaifa da ruwan khal kamar yadda ake yi, kuma tana da rajista da lambar wayar wanda za ta kira a babban asibiti, da an rage watannin nan 11 ƙwarai. Wannan ba ya buƙatar dala, horo da bibiya kawai yake buƙata.

Likita (Zariya):
Na daɗe ina karantawa kafin in sa baki. Sista ta faɗi gaskiya, Abban Yusra ma ya faɗi gaskiya, amma bari in sa lissafi a tsakani domin mu ga girman kowane ɓangare.

Ƙiyasin hukumar binciken cutar daji ta duniya na 2022 ya nuna cewa Najeriya tana samun sababbin masu cutar sama da 127,000 a shekara, kuma kusan 80,000 suna rasuwa. Sankarar mama ce kan gaba da sama da 32,000, sai ta furostet, sai ta bakin mahaifa. Kusan rabin masu cutar daji suna buƙatar gashi a wani mataki na jinyarsu, kuma injin guda yana iya ɗaukar majinyata kimanin 500 a shekara. Kowa ya raba 60,000 gida 500 zai ga cewa muna buƙatar injina fiye da 100, kuma abin da muke da shi bai kama ƙafar haka ba. Saboda haka cibiyoyi shida ba almubazzaranci ba ne, somin taɓi ne.

Sai dai sayen injin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Injin zamani yana son wutar lantarki da ba ta rawa, da sanyi dare da rana, da yarjejeniyar gyara da kamfanin da ya ƙera shi, da masanin kimiyyar haske da zai riƙa auna ƙarfinsa, da lasisin hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa. Tsohon samfuri mai aiki da sinadarin kobal ya fi juriya, amma ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, idan ba a canza shi ba sai zaman da ya kamata ya ɗauki mintuna kaɗan ya riƙa tsawaita, layi ya ƙaru. Kuma gashi ba abu ne da ake katsewa a ci gaba yadda aka ga dama ba. Mai sankarar bakin mahaifa ana so ta kammala dukkan gashinta, na waje da na ciki, a cikin mako 8. Duk kwanakin da aka ƙara a kan haka suna rage damar warkewa. Injin da ya tsaya mako uku a tsakiyar jinya ya cuci majinyacin da yake kansa.

Game da kwalbar da Maman Hanifa ta ambata kuwa, nan ne zuciyata ta fi sosuwa. Naman da aka yanka dole ne a sa shi cikin ruwan fomalin, mai hana nama ruɓewa, nan take, kuma ruwan ya ninka naman kamar sau goma. Idan aka yi jinkiri, ko ruwan ya yi kaɗan, ko aka bar shi ya daɗe fiye da kima, gwajin da zai nuna irin sankarar yana iya lalacewa. Kuma wannan gwaji shi ne yake raba mace da za ta amfana da ƙwayar tamoksifen, mai araha, da wadda take buƙatar wani magani dabam. Idan babu shi, likita yana harbi ne a duhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni a 2021 game da sankarar mama: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun suna mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti, sannan kashi 80 cikin 100 su kammala magani. Kwana 60, Hajiya, ba wata 11 ba. Mu kuwa mafi yawan matan da muke gani suna iso mana ne a mataki na uku ko na huɗu.

Maman Hanifa (Tudun Wada):
Likita, na gode. Wannan kwana 60 ɗin ban taɓa jin sa ba sai yau, kuma da na san shi da na san abin da zan tsaya in nema tun zuwa na biyu. Ina roƙon ka amsa mini abu ɗaya domin masu karatu: maganar da mai maganin ya faɗa cewa daji ba ya son ƙarfe, daga ina ta samo asali? Domin har gobe mata a unguwarmu sun yarda da ita.

Likita (Zariya):
Hajiya, ta samo asali ne daga abin da mutane suka gani da idonsu, amma suka fassara shi a juye. Mace takan zo bayan cutar ta riga ta kai hanta ko huhu ko ƙashi, a yi mata aiki, bayan wata kaɗan ta rasu, sai a ce wuƙa ce ta watsa ciwon. Alhali ya watsu tun kafin ta shigo. Matan da aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa ba sa faɗa wa kowa, saboda kunya da tsoron abin da za a ce game da aurensu ko auren 'ya'yansu. Don haka unguwa tana ganin gawa, ba ta ganin wadda ta rayu. Allurar ɗaukar nama ba ta watsa sankarar mama. Jinkiri ne yake watsa ta.

Mai Kemis (Kakuri):
Ni mai harhaɗa magunguna ne, kuma ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba, wato tsayawa a tsakiyar magani. Ruwan kemo, wato maganin daji da ake ɗaurawa ta jijiya, ana yin sa ne zagaye-zagaye, sau da yawa duk bayan mako uku, har sau shida ko takwas. Iyali sukan sayar da fili ko keken ɗinki su biya na farko da na biyu, a na uku kuɗi ya ƙare. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 farashin kusan duk maganin da ake shigowa da shi ya tashi, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Kaduna a 2024 naira 72,000 ne, kuma yawancin masu jinyar ma ba su da albashin. An ƙaddamar da wani shiri a 2019 na sayar da wasu magungunan kemo da rangwame a asibitocin koyarwa, kuma a Yunin 2024 shugaban ƙasa ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna. Matakai ne masu kyau, amma rangwame yana amfanar wanda yake da rabin kuɗin ne kawai.

Abin da yake ba ni tsoro shi ne wanda kuɗinsa ya gaza yakan faɗa hannun masu sayar da magani a bayan fage, a ba shi kwalbar da ba a san inda aka ajiye ta ba, ko ta sha zafin rana, ko ma jabu ce. Mafita ta gaskiya ita ce inshora. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu, a jiharmu kuma muna da KADCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna. Idan ba a sa binciken daji da maganinsa a cikin abin da inshora take biya a sarari ba, to duk sauran tallafi yayyafi ne a kan busasshiyar ƙasa.

Malam (Hayin Banki):
Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne, kuma iyaye suna yawan tambayata game da allurar da aka zo ana yi wa 'yan mata a makarantu a 2024, wadda aka ce ta sankarar mahaifa ce. Ba na son in hana abin da yake da amfani, ba na kuma son in sa hannu a abin da ban fahimta ba. Mutanenmu ba su manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin gwajin maganin sanƙarau, kuma abin da suke tambaya shi ne me ya sa 'yan mata kaɗai, me ya sa kyauta, alhali maganin zazzaɓi sai an saya. Ina neman amsar da zan iya maimaitawa a gaban iyaye ba tare da na ji kunya ba.

Sista (Rigasa):
Allah ya gafarta Malam, tambayarka tana kan hanya, kuma na fi son mai tambaya a kan mai yin shiru ya hana. Ina cikin waɗanda suka yi wannan aiki. An shigar da allurar cikin rigakafin yau da kullum na ƙasa a Oktoban 2023, aka fara da wasu jihohi, mu kuma a Kaduna ta iso mana a zagaye na biyu a Mayun 2024. Ana yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya. Kusan dukkan sankarar bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV take haddasa ta, kuma ana ɗaukarta ta hanyar saduwa. Ina so a fahimci wannan da kyau: mace mai kamun kai da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, shi ma mijin yana iya ɗauke da ita shekara da shekaru bai sani ba, domin ba ta nuna alama. Allurar tana aiki ne idan an yi ta kafin a haɗu da ƙwayar, shi ya sa ake yi tun kafin aure, kuma an fara da mata ne domin su ne masu mahaifar da cutar take kamawa.

Ba a kanmu aka fara ta ba. Tun 2006 ake amfani da ita a duniya. Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, ta fara yi wa 'yan makaranta a 2010, Ruwanda kuma a 2011, kuma 'yan matan da aka yi wa a wancan lokaci yau iyaye ne masu goyo. Ni da hannuna na yi wa 'yata da 'yar ƙanwata. Amma ina roƙon ka ƙara wa iyaye cewa allurar ba ta wadatar da uwa ba; ita uwa gwaji take buƙata, aƙalla sau ɗaya kafin ta wuce shekara 35, sannan ta sake kafin ta wuce 45. Duk macen da take ganin jini bayan saduwa, ko jini bayan al'ada ta ɗauke mata gaba ɗaya, kada ta kira shi sanyi.

Malam (Hayin Banki):
Na gamsu, Malama, Allah ya saka da alheri. Da tun farko an tara mu an yi mana irin wannan bayani kafin a shigo makarantu, da ba a samu turjiyar da aka samu ba. Wannan ma ya kamata ya shiga cikin manufa: a fara da malamai da masu unguwanni, ba a tuna da su bayan jita-jita ta riga ta zaga gari ba.

Baban Sadik (Barnawa):
Duk abin da aka tattauna na masu fatan warkewa ne. Ina so in yi magana a madadin waɗanda likita ya riga ya ce a kai su gida. Mahaifina ya rasu da sankarar hanta. Ba mu san yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba sai da cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa. Mako shida na ƙarshe na rayuwarsa bai yi barcin awa biyu a jere ba. Mutum ne mai haƙuri da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma da dare sai ya cusa gefen bargo a bakinsa domin kada jikokinsa su ji nishinsa. Na zaga kantunan magani da takardar likita a hannu ina neman ruwan mofin, maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, kowa yana kallona kamar mai neman kayan maye.

Na fahimci dalilin tsoron, domin mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasanmu har aka hana maganin tari mai kodin a 2018. Amma bai kamata dattijon da yake kan gargara ya biya bashin laifin da ba nasa ba. An fitar da manufar ƙasa ta kula da masu jinyar ƙarshe a 2021, kuma ruwan mofin ba magani ne mai tsada ba, daga gari ake haɗa shi a ɗakin magani na asibiti. Abin da nake nema shi ne kowane babban asibiti a ƙananan hukumomi 23 na jihar nan ya kasance yana da shi a ƙarƙashin kulle da rajista, da ma'aikacin da ya san yadda ake ba da shi, domin kada mutumin Birnin Gwari ko Kafanchan ya yi tafiyar yini guda saboda kwalba ɗaya.

Likita (Zariya):
Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ina goyon bayanka ɗari bisa ɗari. Kuma ina roƙonka da kai da 'yan'uwanka da iyalanku ku je a gwada ku, domin ciwon hanta nau'in B yana bin gida, yawanci daga uwa zuwa jariri ko tsakanin yara tun suna ƙanana. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi. Allurar da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa tana tare hanyar, amma jaririn da aka haifa a gida aka ɓoye shi har ranar suna yakan rasa ta. Sai kuma gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu, waɗanda gubarsu take haɗuwa da ciwon hantar ta ninka haɗarin. Mu da muke noman masara a Saminaka da Giwa da Soba, wannan ma yaƙi da daji ne, ko da yake a ofishin aikin gona yake zaune.

Abban Yusra (Kawo):
Na karanta duka, kuma na sassauta matsayina, ko da yake ban janye shi ba. Har yanzu ina ganin cewa ranar da aka fara gano mata da yawa da wuri, layin gashi da na tiyata zai ninka, don haka dole aikin cibiyar Zariya ya tafi kafaɗa da kafaɗa da abin da Sista take nema. Abin da na yarda da shi yanzu shi ne injin aikin tarayya ne, amma ƙaramin asibiti da babban asibitin ƙaramar hukuma da motar ɗaukar kwalba aikin jiha ne, kuma su ne hannunmu zai iya kaiwa.

Baba Alhaji (Unguwar Rimi):
To, tunda mun zo nan, kada maganar ta mutu a waya. Kasafin jiha yana bi ta majalisar dokoki da ke Lugard Hall, kuma akwai kwamitin lafiya da yake karɓar koke a rubuce. Ina ba da shawarar mu nemi abubuwan da za a iya ƙirgawa, ba addu'ar a inganta lafiya ba: a horar da ma'aikaciya a kowace mazaɓa, asibiti ya ɗauki nauyin kai nama ɗakin gwaji da dawo da sakamako maimakon a miƙa wa miji kwalba, KADCHMA ta biya kuɗin hoto da yankar nama ga duk wanda aka tura, a kuma ajiye ruwan mofin a manyan asibitoci. Zan rubuta daftarin farko a daren nan. Likita, ka duba mini ɓangaren kwana 60 domin kada in yi kuskure a lafazi. 'Yata Maman Hanifa, idan yayarki da mijinta sun amince, ina so mu buɗe takardar da labarin kwalbar nan, ba tare da sunanta ko sunan wani asibiti ba.

Maman Hanifa (Tudun Wada):
Baba, na karanta mata dukkan abin da aka rubuta a nan, tana kwance tana saurare. Ta ce a sa labarin, ta kuma ce a rubuta cewa tana da 'ya'ya mata uku, babbar shekararta 13. Gobe da safe zan kai yarinyar a yi mata allurar, ni ma in tsaya Sista ta duba ni. Ka turo daftarin idan ka gama, zan kai wa matan Islamiyyarmu su sa hannu ranar Asabar.